Wanda Ya Sauke Sirdin Keken Yaya Issufu

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗarsa a gabana. An ce ni, Habu, na gaji yayana tun yana numfashi. An ce na kwance sirdin kekensa na sauke shi daidai tsawona, shi kuwa yana kwance a ɗaki bai cika ba. Saboda wannan magana 'ya'yan Yaya Issufu ke gaishe ni a tsaitsaye kamar wanda suka tarar a tasha, ku kuma har kuka girma ba ku san hanyar gidajensu ba. Fiye da shekara ashirin na yi shiru, domin alkawari na ɗauka. Wadda aka ɗauki alkawarin dominta, Rakiya matar Yaya, ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Yanzu zan faɗi abin da ya faru, kuma ina so in kun karanta ku kai wa 'yan uwanku su ma su karanta.

Na zo Arlit daga ƙauyenmu na ƙasar Damagaram a shekarar da damina ta ƙi mu sau biyu a jere. Ni da uwarku Mariyama muka zo, da buhu ɗaya na kaya. Yaya Issufu ya riga ni zuwa da shekaru masu yawa, yana aiki a ramin ma'adini, can ƙarƙashin ƙasa inda ba rana ba wata. Ya ba mu ɗaki a gidansa bai ko yi shawara da kowa ba. Dogo ne ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ni kuwa kun gan ni, Allah bai ba ni tsawo ba, sai taurin kai ya ba ni har da ƙari. Rakiya tun ranar da na sauka ta raɗa mini suna Gajere. Wasan matar wa da ƙanen miji ne, ta riƙe shi da kyau, kullum sai ta tambaye ni ko in na tsaya kusa da Yaya ina jin maganarsa ko sai an aiko mini. Ina ramawa, ba na barin ta kwana. Gidan nan a lokacin gidan dariya ne.

Yaya ba ya zuwa aiki da keke, motar kamfani ke ɗaukarsu. Keken na ranar hutu ne. Baƙi ne, mai nauyi, da kariyar ɗaukar kaya ta ƙarfe a baya, kuma ban taɓa ganin mutum ya san abin hawansa kamar yadda Yaya ya san shi ba. Ran hutu sai ya hau ya bi hanyar Gougaram, can wajen wani abokinsa makiyayi da ke riƙe masa 'yan awaki. Idan zai bar kwalta ya shiga rairayi sai ya sauka ya rage iskar taya kaɗan, ya ce taya mai tauri nutsewa take yi, mai laushi ce ke tafiya a kan yashi. Idan ya dawo kan kwalta ya sake bugawa. Ya ɗaga hannun keken sama saboda bayansa ya gaji da sunkuyon rami, ya ce ba zai sunkuya a aiki ya sunkuya a hutu ba. Sirdin ya lulluɓe shi da fatar akuya, ya karkata hancinsa ƙasa ɗan ƙanƙane. A jikin ƙarfen da ke riƙe da sirdin kuma ya ja layi da magagari, daidai inda tsawonsa ya tsaya, don ko an wanke keken an kwance, ya mayar da shi gurbinsa ba gwaji.

Ban cika wata huɗu ba tari ya kwantar da shi. Ya daɗe da tarin, yana ɓoyewa. Aka kai shi asibiti, ya kwana biyu, aka dawo da shi, aka sake kai shi. A dawowa ta uku aka daina maganar komawa aiki. Ni a lokacin ina ɗauko kayan lambu a ka daga lambunan bayan gari ina kai wa kasuwa, tafiyar da ke cinye mini rabin yini. Wata safiya ya sa aka kira ni, yana kishingiɗe a bakin ƙofar ɗakinsa.

"Habu, ɗauki keken nan ka nemi abinci da shi," in ji shi. "Aro na ba ka. In na miƙe ka maido mini kayana."

Rakiya tana tankaɗe, ta ɗago kai tana dariya. "Ka ji dai, Gajere, aro ne. Kada ka lalata wa maigida doki, bayan Sallah zai hau abinsa."

Na yi godiya na tura keken waje, sai da na sha kwana sannan na nemi dutse na taka na hau. Tun daga juyin feda na farko na san akwai magana. Idan feda ta sauka ƙasa, sai da kan yatsa nake taɓa ta, sai na zame ɗuwawu hagu in cim mata, in zame dama in cim ma ɗayar. Haka nake tafiya ina rangaji kamar mai rawa. A kan kwalta abin da sauƙi. Amma hanyar lambu rairayi ce da tsakuwa, sai kuma wani ƙori, wato busasshen rafi, da ake gangarawa a haye. A yashi keke kan tsaya ba sanarwa, mai ƙafa ya dafa ƙasa ya ci gaba. Ni ƙafata ba ta kai ƙasa, in ya tsaya sai mu kwanta tare, ni da shi da kwandon tumatir. Kafin sati biyu jijiyar bayan gwiwata ta dama ta ɗaure, cinyoyina suka saɓule, wuyan hannuna ya riƙa yin sanyi saboda miƙon da nake yi in kamo hannun keken da aka daidaita wa dogo.

Wanda nake saro wa kaya wani Buzu ne mai lambu, Aghali, dattijo mai ƙarancin magana. Ya yi kwanaki yana kallona ina faɗuwa a ƙofar lambunsa. Wata rana ya shiga bukka ya fito da kile, wato abin da mutanen kudu ke cewa sifana, ya miƙo mini.

"Keke ya yi dogo, kai ya yi gajere," ya ce da Hausarsa. "Juya wannan sau uku, sirdi ya sauka, ƙafa naka ya huta."

"Ba nawa ba ne, na yayana ne."

"Yaya naka yana hawa?"

"Zai hau."

Ya dube ni, ya dubi keken, ya mayar da kilensa bukka.

A gida uwarku ce ta tasa ni gaba. Kullum da yamma tana gasa mini gwiwa da ruwan zafi da gishiri, tana faɗa ƙasa-ƙasa don kada a ji a tsakar gida. Ta ce ba ta taɓa ganin mutumin da zai gurgunta kansa a kan ɗan ƙarfe ba. Ta ce layin magagari yana nan, in Yaya ya warke a mayar da sirdin gurbinsa, wa ya mutu? Gaskiya ta faɗa, na sani, shi ya sa na yi ta yi mata tsawa. Ku 'yan yanzu ba lalle ku gane ba. A gidan da muka tashi, in babba ya ara maka abu, yadda ya ba ka haka kake maido shi. Mahaifinmu ya taɓa marin Yaya da kansa don ya rage igiyar linzamin jakin kawunmu. Amma ba wannan ne kaɗai ya hana ni ba. Kowace safiya kafin in fita, Rakiya kan fito da keken daga ƙarƙashin rumfa, ta goge sirdin da bakin zaninta, ta jingine shi inda Yaya zai hango shi daga shimfiɗarsa. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba. Ni dai na gane cewa muddin sirdin nan yana can sama, a wurinta mijinta mai tashi ne. Na rasa ƙarfin zuciyar da zan shigo gidan nan da shi a ƙasa.

Sai na yi dabarar da har yau in na tuna nake jin kunya. Maimakon in sauke sirdi, sai na ƙara wa ƙafata tsawo. Na samo guntayen katako biyu, na yanko robar tsohuwar taya, in na bar unguwa sai in tsaya in ɗaura katako a kan kowace feda. In zan dawo in kwance in ɓoye cikin kwando. Na yi wajen wata guda a haka, ina ganin na fi kowa wayo. Ran da abin zai ƙare, na ɗauko albasa buhu guda da kwandon tumatir, ina gangara ƙorin nan, katakon dama ya juya ƙarƙashin ƙafata. Ƙafa ta zame, na nemi ƙasa ban samu ba, buhu ya ja keken, gwiwata ta daki dutse. Na jima a kwance ban iya tashi ba. Ɗingishin da kuka san ni da shi, wanda wasunku ke zaton a ramin ma'adini na samo, nan ne asalinsa. Ban taɓa shiga rami ba.

Na ce wa mutanen gida tuntuɓe na yi. Kwana uku ban fita ba. A rana ta huɗu da hantsi, Rakiya ta tafi asibiti karɓo magani, uwarku ta tafi gidan suna, gidan ya rage daga ni sai Yaya. Na ji ya kira ni. Muryarsa ta koma siririya, sai mutum ya saurara.

"Kawo mini keken nan."

Na turo shi har bakin ƙofa. Ya miƙa hannu ya juya feda, ya shafa inda roba ta bar baƙin zane. Ya daɗe yana shafawa.

"Katako ka ɗaura?"

Na gyaɗa kai.

"Wawa," in ji shi. Ba da fushi ya faɗa ba. "Shiga ɗaki, ƙarƙashin gado akwai gwangwani, ɗauko kile da man keke."

Na ce, "Yaya, a bar shi, na kusa sabawa."

"Ba shawara na nema ba."

Ya sa na kama shi ya zauna a kan turmi. Ya sa kile a notin sirdin, ya juya, ya ƙi motsi. Ya haɗa hannu biyu, jijiyoyin wuyansa suka tashi, tari ya sarƙe shi. Na kai hannu zan karɓa, ya buge mini hannu. Sai da ya huta sau biyu sannan notin ya saki. Ƙarfen sirdin ya daɗe a wuri ɗaya, ƙura da tsatsa sun kama shi. Ya ɗiga masa mai, ya riƙa murɗa sirdin hagu da dama, yana danna shi da ƙirjinsa tunda hannu ba ƙarfi. Ina tsaye ina kallo layin magagarin nan ya gangara a hankali, ya shige cikin bututun keken, ya ɓace.

"Hau, dafa bango," ya ce. "Sa diddige a kan feda, ba yatsa ba. Kai ta ƙasa. Ƙafar ta miƙe?"

"Da saura kaɗan."

Ya ƙara saukewa kamar faɗin yatsa. "Yanzu fa? To, juya feda baya. Kada ɗuwawunka ya motsa. In ya motsa, sirdi ya yi sama. In gwiwa ta kusa dukan ƙirji, ya yi ƙasa. Da diddige ƙafa ta miƙe, da tafin gaba ta ɗan lanƙwasa, shi ke nan awon mutum."

Bai tsaya nan ba. Ya sa na sauka na kafa gwiwar hannuna a hancin sirdi, na miƙa yatsuna wajen hannun keken. Suka gaza da nisa. Ya turo sirdin gaba, ya sassauta hannun keken ya juyo da shi wajena, ya ɗan sauke shi. Ya gyara maƙallan birki yadda yatsuna za su kamo su ba sai na saki hannu ba. Ya daidaita hancin sirdin ya kwanta sosai, ya ce karkatar da ya yi masa ta bayansa ce, ni mai ɗaukar kaya in na bar ta zan riƙa zamewa gaba, nauyi ya koma wuyan hannu. Duk abin da ya yi shekaru yana daidaita wa jikinsa, a hantsi guda ya warware shi. Da ya gama gumi ya jiƙa rigarsa.

"Je ka ƙarshen layi ka dawo."

Na hau ba dutse. Ƙafata ta samu feda kamar ta daɗe da saninta. Ko gwiwar mai ciwo ba ta yi ƙorafi ba, bayana ya zauna, kafaɗuna suka sauka. Ban taɓa jin daɗin hawa irin na ran nan ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irinsa ba, don na san abin da Yaya ya faɗa mini da kilen nan. Na kai ƙarshen layi na tsaya, na dafa ƙasa da ƙafata, na yi kuka kamar yaro. Sai da na share fuska sannan na juyo.

Na tarar ya koma shimfiɗa. Ya ce in matso.

"Habu, likita bai ɓoye mini ba, ni ma jikina bai ɓoye mini ba. Ita ma Rakiya an gaya mata, amma tana zaton ni ban sani ba. Abin da ke riƙe da ita ke nan, tana ganin ina sa rai. In ta ji ni na sauke sirdin nan da hannuna, ta san na sallama, kuma ba za ta iya ba."

"To me zan ce mata, Yaya?"

"Ka ce kai ne. Za ta yi fushin kwana biyu ta huce, ai kai Gajerenta ne. Ka yi mini alkawari, ko bayan raina kada ta ji."

Na yi masa alkawari. Yaya gwanin awo ne, amma fushin Rakiya bai auna shi daidai ba.

Ta dawo gab da azahar da ƙullin magani a hannu. Ko mayafi ba ta cire ba idonta ya faɗa kan keken. Ta tsaya. Ta matsa ta ɗora hannu a kan sirdin, ta sunkuya tana neman layin.

"Wa ya taɓa sirdin nan?"

"Ni ne."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Malam Habu," ta ce, "ko likkafani ba za ka jira ba?"

Daga cikin ɗaki sai ga muryar Yaya, ya tattaro ƙarfinsa har da 'yar dariya. "Rakiya, ƙyale shi. In na tashi na ɗaga abina, juyi uku ne."

Da wannan magana ya kwantar mata da hankali, da ita kuma ya ɗaure ni. Ta shiga ɗaki tana ce masa in Allah ya yarda. Daga ran nan ba ta sake kira na Gajere ba har ta bar duniya.

Kwana goma sha tara Yaya ya ƙara a duniya. A zaman makoki, uwarku ta ji Rakiya tana gaya wa mata cewa Allah ya yi wa mijinta gata, har ya cika bai san mutuwa zai yi ba, yana ta lissafin ranar da zai hau kekensa ya je ganin awakinsa. Ta faɗa ta maimaita, duk wadda ta shigo sai ta ji. Ta kuma faɗi ɗaya rabin, cewa a gidan akwai wanda ya ƙosa. Maganar ta fita unguwa, ta hau mota ta je har Damagaram. Aka ce Mariyama ce ta zuga ni, ita ma kuma haka ta ɗauka, tana zaton shawararta na bi, ta yi ta kuka tana cewa da ta sani da ta ja bakinta. Ban gaya mata ba, don na san ba za ta iya gani ana zagina ta yi shiru ba. Bayan arba'in muka bar gidan. Keken na jingine shi ƙarƙashin rumfa na tafi, ban sake taɓa shi ba. Daga baya na samu nawa, na daidaita shi da diddige da gwiwar hannu yadda Yaya ya nuna mini, da shi na ciyar da ku.

Ba zan ce muku na yi haƙuri da daɗin rai ba. Na ji haushin Yaya shekaru, yana kabari ina faɗa da shi a zuciya. Sau da yawa na taso daga gida da niyyar in je in faɗa wa Rakiya komai, musamman ranar da aka ɗaura auren 'yar Yaya ta fari aka nemi wani can ya yi walicci ina zaune a gari. Sai in kai ƙofar gidan in tuna cewa abin da zan karɓe mata shi ne kaɗai abin da mutuwar ta bar mata, in juyo. Ko daidai na yi, har yau ban sani ba. Na dai san ku da 'yan uwanku kun biya abin da ba ku ci ba, kuma ina neman gafararku, ku da uwarku da za ta fara jin wannan daga bakinku.

Bara da ciwo ya tsananta wa Rakiya, ta aiko a kira ni. Rabona da shiga ɗakinta tun ranar da muka tashi. Ta rame, ta koma kamar ba ita ba, 'ya'yanta na zaune gefe ba wanda ya dube ni. Na durƙusa na gaishe ta.

"Malam Habu, ba na so in tafi da kowa a zuciya," ta ce. "Na yafe maka maganar sirdin nan. Ƙuruciya ce. Kuma ko banza bai karya masa zuciya ba, ya tafi yana sa rai. Kai ma ai ka ji shi da kunnenka."

Maganar ta zo mini har baki. Tana kallona tana jira, fuskarta a sake.

Na ce, "Na ji shi, Yaya Rakiya. Na gode."